Ranar da Majigi Ya Mai da Ni Ɓarawon Ruwa

Abubuwa da yawa sun same ni a duniya na manta su, har da waɗanda na zubar wa hawaye a lokacinsu. Amma yinin da wani hoto mai motsi ya fito a bangon sito ya nuna wa mutanen garinmu cewa ni ɓarawon ruwa ne, ni kuma na buɗe bakina na kusa gaskata shi, wannan ba zai bar ni ba sai ranar da aka mai da ni ƙasa. Shekaru sun ɗan ja yanzu, amma ko jiya da na bi ta gaban siton nan sai da gabana ya faɗi.

Garinmu yana tsakanin Kura da Bunkure, cikin yankin noman rani. Ruwan da muke noma da shi yana zuwa ta babban kanal, ya shigo wani ƙarami, shi kuma ƙaramin ya rabu gida biyu a bayan gari. Reshe ɗaya gajere ne, in ka sakar masa ruwa kafin ka gama alwala ya isa gonaki. Masu noma a kansa 'yan kusa muke ce musu. Ɗayan dogo ne, ya yi ta tafiya har ya kusa shiga ƙasar Bunkure, su ne 'yan nesa. Ruwan ba ya isar rassan biyu a lokaci guda, shi ya sa tun zamanin iyayenmu aka raba ranaku, kuma kowa ya haddace: Litinin ta 'yan kusa, Talata ta 'yan nesa, Laraba ta 'yan kusa, haka dai. A wurin rabuwar akwai ƙofofi biyu na ƙarfe, kowace da sitiyarinta da sarƙa da kwaɗo. Makullinsu a wuyana yake.

Ba don ilimi aka ba ni ba, don ni firamare na gama na tsaya. An ba ni ne saboda halin da ake yi mini dariya a kansa. Ni mutum ne mai wasi-wasi. In na kulle ɗaki na ɗan taka, sai na dawo na taɓa ƙofar. In na ba mutum saƙo, sai na bi shi na sake faɗa masa. Ranar da ƙungiyar manoma ta zauna zaɓen mai ƙofa, taubashina ne ya miƙe, ɗan kawuna wanda muka tashi tare muna tsokanar juna, ya nuna ni ya ce, “Ku ba wannan. Ko kwaɗon ya rantse masa da Allah ya rufu, sai ya koma ya ja shi.” Aka yi dariya, aka ba ni. Shi ɗan nesa ne, ni kuwa gonata a reshen kusa take.

Kullum in rana ta yi ja nakan hau kekena in tafi bakin ƙofa in zauna. Da ladan ya ɗaga murya ta magariba, sai in rufe wannan in buɗe wancan, in ja kwaɗo, in yi sallata a nan bakin kanal, in sake jan kwaɗo, sannan in tafi gida. Wani lokaci in kai rabin hanya in juyo.

A ranin da nake ba ku labari, ruwa ya yi wa 'yan nesa wuya fiye da kowace shekara. Tumatir ɗinsu ya fara fure ke nan sai ganye ya kama lanƙwashewa. Taubashina ya zuba duk ƙarfinsa a tumatir a shekarar, ina ganin yadda yake ramewa, har wasan da yake yi mini ya ragu. Ana cikin haka shugaban ƙungiya ya kawo mana wata injiniya daga wata jami'a, mai binciken yadda ruwa yake tafiya a kanal. 'Yar Filato ce, Hausarta ras, mai fara'a, ba ta tsoron taɓo. Ta kakkafa wasu bututai a gefen rassan biyu, daga bakin ƙofa har can ƙarshe, a cikin kowanne ta saka wata 'yar na'ura kamar tocila wadda take auna tsayin ruwa dare da rana. Ni nake raka ta saboda na san hanya. Takan zo da hantsi, ta zuƙe abin da na'urorin suka tara zuwa kwamfutarta, ta zauna a ofishin ƙungiya inda akwai sola, da la'asar kuma ta kama hanyar Kano. Ba ta taɓa kaiwa magariba a garinmu ba.

Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne yadda take aiki. Na saba ganin waya, inda komai hoto ne, ka taɓa da yatsa ya buɗe. Ita fuskar kwamfutarta baƙa ce wuluk, babu hoto ko ɗaya sai ƙananan haruffa farare. Sai ta rubuta layi ɗaya ta danna wani babban maɓalli, rubutu ya yi ta gudu sama kamar an ɓare buhun gero, ya tsaya, ta sake rubuta wani. Wata rana na kasa haƙuri na ce, “Malama, wai lalacewa ta yi ne, ko haka aka sayar miki da ita?”

Ta yi dariya har ta dafa tebur. “Baba, lafiyarta ƙalau. Nan ne ake ba ta umarni kai tsaye, ba sai an bi ta hoto ba.” Ta ga ban gane ba, sai ta ce in ɗauka shinkafa ce irin ta Kura. Mai turarawa daban, mai shanya daban, mai inji daban, kowa ya gama nasa ya miƙa wa na gaba. Ta nuna mini layin farko, ta ce wannan yana kwasar lambobin da na'urori suka auna ya yanka su rana-rana. Na biyu yana ɗaukar kowace rana ya zana ta a kan taswirar kanal, inda ruwa yake da yawa ya sa shuɗi mai duhu, inda babu ya bar shi fari. Na uku kuma yana jera hotunan nan ya ɗinke su su zama fim, ka ga ranin gaba ɗaya yana wucewa a gabanka kafin ka shanye kofin shayi.

Na ce, “To in kin yi kuskure a rubutun, yana gaya miki?”

Ta ce, “In na rubuta abin da bai gane ba, zai yi ƙorafi. Amma in ya gane, ko daidai ne ko ba daidai ba, yi kawai zai yi. Ba ya tambaya.”

Na tuna a lokacin na ce a raina ma'aikacin da ba ya tambaya abin tsoro ne. Amma ni komai tsoro yake ba ni, don haka ban kula ba.

Da ta gama, shugaba ya tara mutane ranar wata Laraba bayan azahar a cikin siton shinkafa na ƙungiya, aka rufe ƙofofi don a sami duhu, aka kunna majigi. Zafi ake yi irin na bazara, mutane cike, wasu a kan buhuna. Ni ina gefe kusa da bango, har da ɗan jin daɗi, don na san wahalar da muka sha a kan aikin. Taswirar ta fito, ga ƙofa, ga gajeren reshe, ga dogo, a kusurwar sama kuma sunan rana yana canzawa. Shuɗi ya riƙa cika yana janyewa kamar numfashi. Mutane suka zuba ido, ba su taɓa ganin kanal ɗinsu daga sama ba. Injiniya tana bayani, tana cewa ku duba yadda ƙarshen dogon reshe yake zama fari-fari ko a ranarsa.

Sai na ji muryar taubashina daga baya. “Malama, tsaya. Mai da shi baya kaɗan.”

Ta mayar. Ya ce ta tsaya a nan. A kusurwa an rubuta Talata.

Ya ce, “Talata ta wa ce?”

Mutane suka amsa, ta 'yan nesa.

“To me shuɗi yake yi a reshen kusa?”

Na ɗaga kai na duba. Ga shi nan kuwa. Ba mai duhu sosai ba, amma shuɗi ne, tun daga bakin ƙofa har ƙarshen gajeren reshe, ya bi ta gefen gonata ya wuce. Aka ce ta je wata Talatar. Haka. Alhamis, haka. Duk ranar da take ta 'yan nesa, sai ga ruwa a reshen kusa. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, ranin gaba ɗaya.

Ban san yadda zan kwatanta muku abin da na ji ba. Kunnuwana suka toshe, kamar na nutse a kanal. Ina ganin bakuna suna motsi, ina ganin kawuna suna juyowa wajena ɗaya bayan ɗaya. Injiniya ta ɗaga hannu tana cewa, “Don Allah ku saurara, ban ce wani ya yi wani abu ba. Na'ura ruwa take aunawa, ba ta san wanda ya buɗe ba.” Wani ya ce mata ai makulli ɗaya ne a garin nan. Wani daga 'yan nesa ya ce ashe shi ya sa albasar wasu take ƙyalli. Taubashina bai ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi yi mini ciwo. Ya tako har gabana ya ce, “Ni na tsaya maka a gaban mutane. Ka dube ni ka gaya mini.”

Shugaba ya ce, “Malam, kai muke saurare. Me za ka ce?”

A nan ne na yi abin da har yau nake mamakinsa. Na san ban buɗe ba. Na san yadda nake jan kwaɗon nan har tafin hannuna ya yi kanta. Amma ga abu a bango yana motsi, ga launi, ga sunan rana, ga na'urorin da ni da kaina na riƙe aka kafa. Sai wasi-wasina ya tashi ya koma bayan majigi. Ko ƙofar ba ta zama daidai ne ban lura ba? Ko akwai ranakun da na rikice na ɗauki Talata Laraba? Ko na fara mantuwa irin ta tsufa? Sai kawai na ji bakina yana cewa, “To, tunda na'ura ta nuna, wataƙila haka ne.”

Siton ya ɗauki hayaniya. A wurinsu na amsa laifi ke nan. Shugaba ya miƙo hannu ya ce in ba shi makullin har a bincika, ranar Juma'a bayan an sauko masallaci za a yanke magana. Na cire igiyar daga wuyana, ta sarƙe a hulata, na zare ta na miƙa masa. Taubashina ya juya ya fita bai ƙara kallona ba.

Da na isa gida labari ya riga ni. Mai ɗakina tana tsakar gida tana tankaɗe, ta ajiye rariya ta ce, “Malam, da gaske ne ka ce wataƙila?”

Na ce ai hoto ne ya nuna.

Ta ce, “Hoto ne yake zama da tuwo yana hucewa kullum yana jiran ka dawo daga duba kwaɗo, ko ni? Kai da ko tsinken sakace na wani ba ka iya ɗauka sai ka nemi mai shi? Da ni aka tambaya da na ba su amsa.”

Da magariba ta kusa a ranar, ƙafafuna suka ɗauke ni har wajen keke kafin na tuna babu inda za ni. A masallaci na ga sahu ya ɗan buɗe a gefena, ko kuwa idona ne, Allah ne masani. Abinci ya ƙi shiga. Abin da yake cina ba makullin ba ne, don ba albashi ake ba ni a kansa ba. Sunana ne. A gari irin namu in aka ce ka ci amanar ruwa, jikanka ma sai an gaya masa. Kuma abin da ya fi muni, ni kaina ban san ko na ci ba.

Washegari da hantsi aka yi sallama a zaure. Mai ɗakina ta leƙa ta dawo ta ce, “Mai majigin nan ce. Ko kashi na biyu ta kawo.” Na fita na tarar da injiniya tsaye, idanunta sun yi ja, da alama ita ma ba ta huta ba. Ta gaishe ni har ƙasa, ta ce in taimaka in biyo ta ofis, akwai abin da ya hana ta sakat.

Ta buɗe kwamfuta ta nuna mini hoton Litinin, ranar 'yan kusa. Ta sa yatsa a bakin dogon reshe. “Baba, ka ga nan?” Na duba da kyau, sai ga ɗan shuɗi a wurin, gajere, bai yi nisa ba. Ta nuna mini Laraba, shi ma haka. Ta ce, “Jiya babu wanda ya kula da wannan, saboda 'yan kusa ba su da ƙorafi. Amma in ana sata ranar 'yan nesa a kai wa 'yan kusa, ga shi ana sata ranar 'yan kusa a kai wa 'yan nesa. Ni dai ban taɓa ganin ɓarawon da yake yi wa kowa da kowa sata ba.” Ta juyo ta dube ni. “Gaya mini yadda kake yi. Ka tashi da safe ranar Talata, sai ka je ka buɗe wa 'yan nesa, ko?”

Na ce, “Da safe kuma? Ai tun magaribar Litinin na buɗe musu.”

Ta ce, “Magaribar Litinin?”

Na ce ƙwarai, ai daga nan Talata ta shiga. In rana ta faɗi an shiga daren Talata ke nan. Ruwansu ne har ladan ya kira magariba ranar Talata, sannan in juya wa 'yan kusa, don Laraba ta shigo. Na ce haka muka gada, saboda kiran salla kowa yana ji, ba mai cewa agogonsa ya fi na wani.

Ta kama kai da hannu biyu, ta daɗe a haka. Sannan ta jawo kwamfutar ta koma baƙin allon nan, ta riƙa danna wani maɓalli mai kibiya, layukan da ta rubuta a kwanakin baya suna dawowa ɗaya bayan ɗaya, har ta zo kan na farko, mai yanka. Ta ce, “Ka ga wannan? Na ce masa ya yanka rana-rana, amma ban gaya masa inda rana take farawa ba. In ba ka gaya masa ba, shi a wurinsa sha biyun dare ne. To Talatarsa ta wuce taku da rabin dare. Duk ruwan da ka sakar wa 'yan kusa daga magariba zuwa tsakar dare, wanda a wurinku na Laraba ne, shi ya zuba shi a kwanon Talata.” Ta ce gajeren reshe nan da nan yake cika, shi ya sa ya fito ɓaro-ɓaro. Dogon kuwa kafin tsakar dare ruwan bai je ko'ina ba, shi ya sa nasa ya ɓoye.

Na ce, “Yanzu duk abin nan saboda wannan ne?”

Ta ce, “Ina zato. Laifina ne, ban tambaya ba.”

Na ce mu ma ai ba mu faɗa ba. Wa zai zauna yana gaya wa mutum cewa rana da magariba take shiga? Ko a mafarki ban taɓa tunanin akwai mai lissafi dabam ba.

Ta ƙara wasu 'yan haruffa da lambobi a ƙarshen layin, ba su fi tsawon ɗan yatsana ba. Ta ce yanzu ta gaya masa ya yanka daga faɗuwar rana. Ta ɗora yatsa a kan babban maɓallin, sai na ji na riƙe gefen tebur na ce, “Malama, dakata. In ya sake nuna ni fa?”

Ta janye hannunta. “To sai mu san ba nan matsalar take ba, mu ci gaba da nema. Amma Baba, bar na'ura tukuna. Kai na tambaya. Ka buɗe wa 'yan kusa a ranar da ba tasu ba?”

Na tuna hannuna a kan sitiyari, na tuna sanyin sarƙa, na tuna duk komowar da na yi daga rabin hanya. Na ce, “Ban buɗe ba.”

“Ko sau ɗaya?”

“Ko sau ɗaya.”

Ta ce, “To da jiya haka ka ce.” Ta danna.

Rubutu ya kama gudu. Ban san me yake cewa ba, amma ban ɗauke ido ba, ina ta salati a zuci. Ya tsaya, ta ba na biyu, ya zana, ta ba na uku, ya ɗinke. Ta buɗe fim ɗin ta kai shi Talata. Gajeren reshe fari fat, kamar an share shi da tsintsiya. Alhamis, fari. Ta bi ranin daga farko har ƙarshe, babu ɗigon shuɗi inda bai kamata ba. Na zame daga kan benci na zauna a ƙasa. Abin da ya girgiza ni a lokacin ya fi na jiya: lambobin nan su ne dai na jiya, na'urorin su ne, ba a ƙara ko ɗigon ruwa ba, ba a rage ba. 'Yan haruffan da ba su kai ɗan yatsa ba su ne tsakanin ɓarawo da mai amana.

Ita kuwa ba ta tsaya nan ba. Ta ce har yanzu ba mu san abin da yake cinye ruwan 'yan nesa ba, kuma shi ne ya kawo ta. Ta sake komawa layin farko ta ce masa ya daina yanka rana-rana, ya yanka awa-awa. Wannan ya ɗauki lokaci, har na je na yi azahar na dawo. Da ya fito, sai muka ga ruwan yana tafiya kamar maciji. Ya shiga dogon reshe da ƙarfinsa, shuɗi mai duhu, ya yi ta zuwa, sai daidai wata tsohuwar tsamiya da ke tsakiyar hanya ya dushe, abin da yake wucewa gaba bai kai rabi ba. Kullum a wuri ɗaya.

Ranar Juma'a aka koma sito. Kafin a kunna komai ta miƙe a gaban mutane ta ce fim ɗin shekaranjiya akwai kuskure a cikinsa, kuma nata ne, ta yi lissafin rana daga tsakar dare alhali garin nan daga magariba yake yi. Ba ta ɓoye ba, ba ta kewaya ba. Wani ya ce to wa ya sani ko yanzu ne aka gyara don a wanke mutum. Ta ce tambaya ce mai kyau, ta haska baƙin allon kansa a bango, ta nuna musu layin da abin da ta ƙara, ta cire shi aka ga shuɗin ya dawo, ta mayar aka ga ya tafi. Sannan ta sa na awa-awa, ta ce kowa ya kalli lokacin da ruwa yake juyawa. Wani dattijo ya ce, “Wallahi magariba ce. Kullum magariba.” Shugaba ya juyo ya ce ko ina da magana. Na miƙe na ce, “Ban taɓa buɗe wa kowa ruwa a ranar da ba tasa ba.” Iyakar abin da na ce ke nan, kuma ban sa wataƙila a ciki ba.

Daga siton mutane suka zarce wajen tsamiya. Kowa ya san akwai kacala a wurin, wannan doguwar ciyawar da take cike kanal, amma mun ɗauka rage gudu kawai take yi. Da aka shiga da lauje da adda aka sassare ta, sai ga simintin ƙasan kanal ya dare, ruwa yana sulalewa ta ƙarƙashi yana tafiya wani tsohon kududdufi. Aka yi gayya aka toshe, 'yan kusa da 'yan nesa duka. Tumatir ɗin taubashina rabi ya riga ya tafi, wannan babu fim ɗin da zai dawo da shi. Sauran rabin ya tashi.

Shugaba ya ce zai aiko mini da makulli, amma ba a kawo ba sai bayan kwana biyu. Ina zaune a ƙofar gida rana ta yi ja, sai ga taubashina a kan babur, wandonsa duk taɓo. Bai sauka ba. Ya ciro igiyar daga aljihu ya jefo mini a cinya.

Ya ce, “Karɓi kayanka. Wanda aka ba riƙo sau ɗaya yake jan kwaɗo ya tafi gida. Ni kuma na kasa barci.”

Na ce ai na ɗauka ɓarayi ba a ba su makulli.

Ya kau da kai yana kallon hanya. Can ya ce, “Ka yafe ni, ɗan'uwa.” Kafin in amsa ya juyo da fuskar nan tasa ta tsokana. “Amma kai ma wa ya aike ka? Na ce ka dube ni ka gaya mini. Da ka ce ba ka yi ba, da majigin zan ƙaryata. Sai ka ce mini wataƙila.”

Na hau bayansa ya kai ni bakin ƙofa, muka iske ladan yana gyaran murya.

Har yau wasi-wasi bai bar ni ba, kuma na daina sa ran zai bar ni. Amma wannan abu ya koya mini inda ya kamata ya tsaya. In koma in duba kwaɗo, wannan ba laifi, shi ya sa aka ba ni makulli. In yi shakkar abin da hannuna ya yi kuma idona ya gani, don kawai wani abu mai launi ya fito a bango, wannan zalunci ne, kuma kaina na yi wa. Kowane hoto irin wannan, komai kyansa, akwai wanda ya zauna ya gaya masa inda zai yanka, ko kuma ya manta bai gaya masa ba. Yanzu in aka nuna mini abu, nakan tambaya daga ina aka fara lissafi. In baƙo ya zo aiki garinmu, nakan gaya masa har abin da nake ganin kowa ya sani. In kuma aka tambaye ni abin da na tabbatar, nakan faɗe shi a miƙe, ko da daga baya zan koma in sake jan kwaɗon.